Me ya sa ana jin nasihar likita amma ba a bi?

Duk damina idan amai da gudawa ta ɓulla a Katsina, maganar da za ka fara ji a rediyo ita ce a wayar da kan jama'a. A ganina kan nan ya daɗe da wayewa. Tsayar da duk gyatumar da ka gani a Ƙofar Sauri ko Sabuwar Unguwa, za ta gaya maka ƙazamin ruwa ke kawo cutar. Abin da ke sa a bi ko a bari shi ne nawa matakin zai ci na kuɗi da lokaci, da kuma wanda ke da ta cewa a gidan.

An ce a tafasa ruwan sha. Gidan da ke sayen jarka wajen 'yan garuwa, ga tsadar itace da gawayi, ta yaya zai tafasa ruwan mutum 15 kullum? Ƙwayar kulorin ta fi araha, amma ana yawan kuskure wajen amfani da ita. Idan ruwan ya gurɓace, sai an bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, domin laka na cinye ƙarfin maganin. Bayan an saka, a jira minti 30 kafin a sha. Wasu kan zuba fiye da abin da aka rubuta a jikin takardar, ruwan ya ɗauki wari, yara su ƙi sha, su tafi randar maƙwabta. Ko an gyara ruwan daidai, moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa har wuyan hannu ta isa ta ɓata randar kafin la'asar. Jarka mai ƙaramin baki da murfi, ko bokiti mai famfo, ta fi doguwar lacca amfani.

Wanke hannu ma haka. Kwano ɗaya da ake zagayawa da shi kafin cin tuwo, na ƙarshe da dauɗar na farko yake wanki. A zuba daga buta, da sabulu, a cuɗa kamar daƙiƙa 20. Sabulun da aka ɓoye a ɗaka don kar yara su ƙarar, ba wanda zai tashi ɗauko shi bayan ya fito bayi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne rigakafin yara. Allurar Penta, wadda ke kare mashaƙo da tarin shiƙa, sau uku ake yi: sati 6, sati 10 da sati 14. Ta farko takan kawo zazzaɓi da ɗan kumburi a cinya na kwana ɗaya ko biyu. Idan ma'aikaciya ba ta gaya wa uwa haka tun a asibiti ba, yaro ya kwana yana kuka, da safe maigida zai ce kar a sake kai masa ɗa. Uwar ta ji bayani, amma izinin fita da kuɗin Keke a hannun wanda bai ji ba suke. Shi ya sa sanarwar liman bayan sallar Juma'a, ko ta mai unguwa, take cika layin rigakafi fiye da fasta a bango.

Wani lokacin ma laifin daga ɓangaren ma'aikata yake. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara 10 ce, idan an haɗa ta sai a zubar da saura bayan awa 6. Ma'aikaci na jin asarar buɗe ta don yaro ɗaya, sai ya ce wa uwar da ta taho daga ƙauye ta dawo wani satin. Da wuya ta dawo.

Sai batun yarda. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma ƙauracewa ɗigon shan inna a 2003 ba daga sama ta faɗo ba. Har yau magidanci na tambaya: me ya sa ɗigo ke zuwa ƙofar gida kyauta, amma idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaro sai an je kemis da kuɗi? Tambayar tana bukatar amsa cikin mutunci, tsawa kuwa ƙara rufe ƙofa take yi.

Ko ruwan gishiri da sukari, ka ce "lita ɗaya" wa ya san ta a tsakar gida? Ka ce leda biyu ta fiya wata, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Gishirin idan ya yi yawa ƙara wa yaro wahala yake, abin da ya kwana kuma a zubar a haɗa sabo.