Mutum-mutumi da jijiyar wuya

Wani labari da na ji, cewa ana buɗe jijiyar jini ta wuya da ta toshe da na'urar mutum-mutumi, ya tuna mini da kawuna, mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Wata safiya bakinsa ya karkace, hannun dama ya mutu. Muna ta cewa iska ce, ashe kitse ne ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Na'urar ba ita kaɗai ke aiki ba, likita ne ke juya ta, ya tura siririn bututu har wurin da ya tsuke. Madalla. Amma don Allah a fara sauƙaƙa kuɗin hoton wuya, wanda ke nuna ko jijiyar ta toshe, domin masu hawan jini da ciwon suga a Agege da yawa ba su taɓa yin sa ba.