Ƙarar miksa za ta wuce, abin da ake ginawa shi zai zauna da ku

Duk unguwar da aka fara sabon gini a Kano, rigimar kusan iri ɗaya ce. Tifa ta juye tsakuwa a bakin layi ana sallar asuba, yashi ya toshe kwata, miksa, injin kwaɓa kankare, na ruri har bayan isha'i. Sai dattawan layi su ɗunguma gidan mai unguwa. A kira mai gini ya ba da haƙuri, a ce ai zaman tare sai da kau da kai, kowa ya watse. Bayan wata takwas a cire kwanon da aka kewaye wurin da shi, sai ga shaguna goma sha biyu a ƙasa, ɗakin taron biki a sama, babu wurin ajiye mota ko guda. A ranar ne mutane ke fara tambayar ofishin da ake kai koke, alhali bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ni a ganina muna ƙarar da ƙarfinmu a kan hayaniyar da za ta mutu da kanta, muna barin wadda za ta zauna da mu shekara talatin.

Mu fara da ta wucin gadin, domin ita ma akwai abin da ya kamata a sani. Ranar da ta fi kowace damun maƙwabta ita ce ranar zubin dekin, kuma a nan mai gini yana da hujja ta gaskiya: kankare ba a tsayar da zubinsa a tsakiya. Idan wanda aka zuba ya fara kamawa kafin a haɗa shi da sabo, wurin haɗin yakan zama rauni, nan ruwa zai riƙa bi, nan tsaga za ta fara. Saboda haka wanda ya je ƙarfe tara na dare ya ce lallai a kashe inji, yana neman a yi wa unguwa ginin da zai iya faɗo wa mutane ne. Amma ku yi lissafin nan. Dekin mai mita 15 a tsayi, 12 a faɗi, kaurin santimita 15, kankarensa ya kai kubik mita 27. A kwaɓin da aka saba, ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kowace mita tana cin buhu shida da ɗoriya, wato wajen buhu 170 ke nan. Miksa mai ɗaukar buhu ɗaya, idan kowane kwaɓi ya ci minti huɗu daga lodi zuwa juyewa, aikin awa goma sha ɗaya ne da ɗan kai. Wanda ya tayar da inji ƙarfe bakwai na safe zai gama wajen magariba. Wanda ya zauna jiran tankar ruwa da kafinta har azahar, shi ne zai kai sha biyun dare. Kun ga ashe ba kankaren ne ya hana ku barci ba, rashin shiri ne. Ruwa, yashi, tsakuwa da man inji a tanade su tun jiya, injiniya ya duba ɗaurin rodi da katakon tallafi tun jiya, idan dekin babba ne a ɗauko miksa biyu. Wannan shi ne abin da ya dace maƙwabta su nema, tare da a sanar da su ranar tun kwana biyu kafin ta zo, don mai mara lafiya ko mai jego ya san inda zai sa kansa.

Haƙar rijiyar burtsatse ma haka take. A yawancin ƙasar Kano ba a nisa ake cin karo da dutse, kwamfuresa da gudumar da ke fasa shi kuwa ba su da salansa da za ta yi maganinsu. Kwana ɗaya ne ko biyu, a yi shi da rana a huta. Abin da ya fi ƙararta muhimmanci shi ne inda aka kafa ta. Masana lafiyar ruwa suna so a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, fulotinmu kuwa sau da yawa ƙafa 50 ne a 50. Ku tambayi wannan tun injin bai sauka daga mota ba.

Akwai doka a kan ƙara, ko da yake ba kowa ya san da ita ba. Hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli ta tarayya, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaniya a 2009. A unguwar zama zalla, iyakar ita ce desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗa da ɗan kasuwanci, 55 da rana, 45 da dare. Dare a wurinsu yana farawa daga ƙarfe goma zuwa shida na safe. Wuraren gini an yi musu sassauci fiye da haka, amma su ma an bambanta musu rana da dare. Don ku gane ma'aunin: hira tsakanin mutum biyu tana wajen 60, miksa da janareta marar murfi sukan kai 85 zuwa 90 a kusa, injin yankan ƙarfe ko tayil yakan doshi 100 a kunnen mai riƙe da shi. Ƙarin 10 a wannan ma'auni, kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar. Sannan a fili, duk sanda ka ninka nisanka da injin, ƙara tana sauka da kamar 6. Injin da ke ba da 90 a mita ɗaya zai ba da 84 a mita biyu, 72 a mita takwas, 66 a mita goma sha shida. Wato janaretan da aka jingina da katangar ɗakin barcin maƙwabci, ɗauke shi kawai zuwa ɗaya ƙarshen fulotin, a sa tulin bulo tsakaninsa da gidajen mutane, ya fi doguwar ba da haƙuri amfani, kuma kuɗinsa bai wuce na ƙarin waya ba. Lebura da ke wuni a gindin injin nan babu abin toshe kunne, shi ba mai magana a kansa, alhali awa takwas a 85 kullum tana cinye ji a hankali.

To, sai babbar maganar. Gidan bulo da aka kafa a fulotin zama, injinsa na jijjiga ƙasa daga safe zuwa yamma, ƙurar siminti na sauka a kan shanya da tukunya, wannan ba gini ba ne da zai ƙare, masana'anta ce. Haka shagon walda, gidan ruwan leda mai janareta dare da rana, da ɗakin biki. Dalilin da ya sa aka ware Bompai, Sharada da Challawa tun farko ke nan, don injuna su zauna can, mutane su kwana nan. Kowane fili da gwamnati ta yanka, an rubuta abin da aka bayar da shi dominsa a takardarsa: zama, kasuwanci, ko masana'anta. Mayar da na zama zuwa na kasuwanci yana buƙatar izinin sauya manufar fili, kuma wannan daban yake da izinin gini. Mutum zai iya riƙe takardar mallaka sahihiya amma ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Wa ke da iko a kan wannan? A nan ake yawan ɓata hanya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuwa ikonta na bayar da fili yana kan ƙasar da ba a ayyana ta a matsayin birni ba. An yi dokar tsara birane ta tarayya a 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Shi ya sa a Kano izinin gini da dakatar da shi yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, a Kaduna takwararta KASUPDA, a Abuja sashen kula da gine-gine na hukumar birnin tarayya. Shugaban ƙaramar hukumar Tarauni ko Gwale ko Nasarawa ba shi ne mai amincewa da zanen bene ba, kansila ma haka. Wanda ya kai musu kukan sauya manufar fili, ya kai kuka gidan da ba a nan maganin yake ba.

Amma kada ƙananan hukumomi su fake da wannan. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da titunan unguwa da magudanan ruwa, da sa ido kan shaguna, gidajen abinci da gidajen burodi. Tulin yashin da ya cinye rabin layi ya toshe kwata ana dab da damina, nasu ne. Duba-gari ma'aikatansu ne, kuma suna da ikon ba mutum takardar gargaɗi ya kawar da abin da ke cutar da jama'a cikin wa'adi, in ya ƙi a gurfanar da shi gaban majistare. Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙaramar hukuma ta aiko mai karɓar haraji gidan bulon da ke tsakiyar gidaje, ya yanka rasit ya tafi. Gobe in maƙwabta sun yi magana, mai wurin ya zaro rasit ɗin ya ce ai gwamnati ta san da shi. Rasit ɗin haraji ba izinin sauya manufar fili ba ne, kuma bai kamata a yanka shi ba sai an ga wancan.

Lokacin magana shi ne ranar da aka fara haƙar harsashi. Ginin da kansa yana faɗin abin da zai zama. Ramukan ginshiƙai masu faɗi da rodi mai kauri a jere, bene ne. Ɗakuna ƙanana masu girma ɗaya suna kallon titi, kowanne da faffaɗar ƙofa, shaguna ne ko da an ce muku gida ne. A rubuta takarda, ba a je da baki ba. A sa sunan layi da lambar fuloti in akwai, ranar da aka fara aiki, hotuna masu kwanan wata, da sa hannun magidantan da ke maƙwabtaka da wurin kai tsaye, don su ne maganarsu ta fi nauyi. Kada a rubuta "a rushe". A yi tambaya uku: shin akwai izinin gini, an amince da shi a matsayin me, kuma hawa nawa? A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi, a ba mai unguwa da hakimi nasu. In batun ƙara ne, a riƙa rubuta rana da lokaci na mako biyu. Manhajar auna ƙara ta waya ba za ta tsaya a matsayin awon hukuma ba, amma tana nuna cewa ba ƙiyayya ce ta kawo ku ba. Kuma in bene ne, a duba inda tagogin sama za su kalla tun ana kan zane. Malaman Malikiyya sun daɗe da hana buɗe tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, kuma ɗaga taga sama ko juya ta a takarda ya fi sauƙi a kan toshe ta bayan an yi filasta.

Inda abin ya fi wuya shi ne unguwannin awon igiya, irin waɗanda suka bazu a Kumbotso da Ungogo, inda gona ce aka yayyanka aka sayar da takardar dagaci. A can babu taswirar da ta ce nan gidaje ne, can kasuwa, kuma mai koken kansa sau da yawa ba shi da izinin ginin gidan da yake ciki, don haka yana tsoron gayyato jami'ai su shafa jan fenti a layin gaba ɗaya. A irin wannan wuri abin da ke aiki shi ne yarjejeniyar unguwa a rubuce a gaban dagaci, tun filaye na hannun masu su: wane layi ne za a yarda da shago, ƙarfe nawa ake kashe inji, tifa ta shigo tsakanin ƙarfe nawa da nawa, kuma duk mai sayar da fuloti ya nuna wa mai saye takardar kafin a biya la'ada.