Muryar da muke ji da wadda mutane ke ji

Na karanta labarin nan da ke cewa mutane kan yi wa mutum hukunci daga jin muryarsa tun kafin su fahimci abin da yake faɗa, kuma wallahi ya taɓa ni. Ranar da na fara sauraron kaina a saƙon murya na WhatsApp sai da gabana ya faɗi, na ce anya muryata ce wannan? Ashe idan mutum yana magana, sautin kan isa kunnensa ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, su kuwa ƙasusuwan suna ƙara wa muryar kauri. Sauran jama'a ta iska kawai suke jin ta.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun karin harshe. Yaro ba ya zaɓar yadda zai furta kalma, daga bakin iyaye da abokan wasa yake ɗauka, in ya girma kuma canzawa sai an sha wuya. To me zai sa a raina shi a kan haka? A 1941 BBC ta sa Wilfred Pickles, mutumin Yorkshire a arewacin Ingila, karanta labarai, wasu masu sauraro suka yi ta ƙorafi don kawai lafazinsa. Na taɓa ganin ɗalibi mai ƙoƙari ya daina ɗaga hannu a aji saboda ana kwaikwayon maganarsa ana dariya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.