Ku Ƙyale Giannis Ya Riƙe Alƙalaminsa

Tun da kafar ESPN ta ba da rahoto a farkon watan Oktoban 2025 cewa Milwaukee Bucks da New York Knicks sun ɗan tattauna a watan Agusta kan yiwuwar musayar tauraron Bucks ɗin, Giannis Antetokounmpo, masu sharhin ƙwallon kwando ba su sake samun barci ba. Da 'yan jarida suka tare shi da maganar, amsar da ya bayar ba ta da wani lauje cikin naɗi. Ya ce yana tare da ƙungiyarsa, ya yarda da abokan wasansa, in kuma nan da wata shida ko bakwai ya sauya ra'ayi, to wannan ma halin ɗan Adam ne. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta zama laifi. Nan take aka yi masa caa: wai yana wasa da hankalin magoya baya, wai ya raba ƙafa, wai in namiji ne ya fito ya faɗa ɓaro-ɓaro, ko dai ya rantse zai ƙare wasansa a Milwaukee, ko kuma ya nemi a sayar da shi kowa ya huta.

Wannan kiran na "ya fito ya faɗa" shi ne ya ƙona mini rai, domin babu adalci a cikinsa ko na sisin kwabo.

Me ya rage bai faɗa ba? A lokacin da aka yi masa tambayar, a Oktoban 2025, mutumin nan yana da kwantiragi a rubuce. Zai karɓi sama da dala miliyan 54 a kakar 2025/26, da sama da miliyan 58 a ta 2026/27. Shekarar ƙarshe, wato 2027/28, mai kusan miliyan 63, zaɓi ne da ke hannunsa, in ya so ya karɓa, in ya so ya ajiye ya shiga kasuwa a tsakiyar 2027. Ƙungiyar ce da kanta ta amince da wannan sharaɗi ta sa hannu a Oktoban 2023, ba wanda ya ɗora mata wuƙa a wuya. Kuma bisa dokokin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sai Oktoban 2026 ne ma zai cancanci sa hannu kan babban tsawaitawa na shekara huɗu, wanda ake ƙiyasta zai kai dala miliyan 275. Ke nan ana tsananta wa mutum ya ba da amsar tambayar da ita kanta ƙungiyar ba ta da ikon ajiye masa takardarta a kan tebur sai bayan shekara guda. Abin da ake nema a wurinsa alkawarin baka ne, kyauta, wanda zai ɗaure shi shi kaɗai, ya bar masu ƙungiya hannunsu a sake.

To, mu duba yadda masu ƙungiyar suke riƙe nasu alkawarin. Damian Lillard, abokin wasan Giannis a Bucks, ya yi fama da daskarewar jini a ɗan maraƙinsa a watan Maris na 2025, ciwon da kan kwantar da ɗan wasa watanni. Ya yi ta maza ya dawo cikin kusan wata guda domin ya taimaka a jerin karawar zagayen farko na neman kofi da Indiana Pacers. A wasa na huɗu, ranar 27 ga Afrilu, tun a zubin farko, ya miƙa hannu zai taɓa ƙwallo, ba wanda ya taɓa shi, sai ga shi a ƙasa riƙe da ƙafar hagu. Agara ta tsinke. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan nan, ƙafa tana ɗaure, Milwaukee ta sallame shi, ta rarraba kusan dala miliyan 113 da yake bin ta zuwa shekara biyar, domin ta samu sararin ɗauko Myles Turner daga Indiana kan miliyan 107 a shekara huɗu. Na san za a ce ai kuɗinsa ba su yi ciwon kai ba, kuma ya koma Portland inda iyalinsa suke. Haka ne. Amma wa ya tsayar da shugabannin Bucks a gaban kyamara ya ce su rantse ba za su rabu da shi ba? Sai ma yabo da suka sha, aka ce sun nuna ƙarfin hali, sun iya lissafi.

Jrue Holiday fa? Shi ne ya fizge ƙwallo daga hannun Devin Booker na Phoenix a wasa na biyar na ƙarshen gasar 2021, ya cilla wa Giannis sama ya dankara, abin da ya karya lagon Phoenix. A Satumban 2023 ya fito ya ce burinsa ya ƙare wasansa a Milwaukee. Bakinsa bai gama rufuwa ba aka tura shi Portland a cinikin Lillard. Khris Middleton, wanda suka fara tare da Giannis tun 2013 lokacin da ƙungiyar ta ci wasa 15 kacal a kaka guda, an miƙa shi Washington a Fabrairun 2025 aka karɓo Kyle Kuzma. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta, kuma duk Giannis yana tsaye yana kallo.

Idan wani yana ganin irin wannan ba ta hawa kan manyan taurari, ya tuna daren da Dallas ta sayar da Luka Dončić ga Lakers a farkon Fabrairun 2025. Yaro ɗan shekara 25, wanda ya kai su wasan ƙarshe wata takwas kafin nan, bai nemi tafiya ba, ba a shawarce shi ba, kuma cinikin ya raba shi da damar kwantiragin kusan dala miliyan 345 da Dallas ce kaɗai za ta iya ba shi. Giannis ma ba a sa masa sharaɗin hana musaya a takardarsa ta 2023 ba. Wato a wannan kwantiragin, in Bucks ta ga riba, za ta iya tura shi inda ta ga dama ba tare da ta nemi izininsa ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, laifi ne don ya shafa wa nasa ruwa?

Amma babban dalilina ya wuce batun ramuwa. Duk wani abin kirki da Milwaukee ta yi a shekarun nan, ta yi shi ne a lokacin da take tsoron Giannis zai tafi. A 2020, bayan Miami ta yi waje da su a zagaye na biyu duk da cewa su ne suka fi kowa cin wasa a kakar, Giannis ya riƙe alƙalaminsa ya yi gum. A watan Nuwamba ƙungiyar ta kwashi guraben zaɓenta na sababbin 'yan wasa ta kai New Orleans ta ɗauko Holiday. A Disamba ya sa hannu kan dala miliyan 228 na shekara biyar. Wata bakwai bayan nan kofi ya shigo gari, karo na farko tun 1971. A Agustan 2023 ya sake gaya wa jaridar New York Times cewa ba zai tsawaita ba sai ya tabbatar kowa a gidan kofi yake nema. Kafin ƙarshen Satumba Lillard ya sauka, kafin ƙarshen Oktoba ya sa hannu. Sau biyu ke nan yana cewa a nuna masa da gaske ake, sau biyu ana motsawa, sau biyu kuma yana cika nasa ɓangaren ba tare da ya kai ƙungiyar bakin rami ba. Mutumin da tarihinsa ke nan shi ake kira mai raba ƙafa.

Ba zan manta daren 20 ga Yulin 2021 ba, wanda a wurinmu nan ya kama ƙarfe biyun dare. Mu huɗu ne a tsakar gida, mun jingina waya da buta, muna tsoron kada caji ya ƙare kafin wasa ya ƙare. Mako uku kafin nan gwiwar Giannis ta lanƙwashe ta baya a Atlanta, irin lanƙwasar da in ka gani sai ka kau da kai, kowa ya ɗauka kakarsa ta ƙare. A wasannin da aka buga a Phoenix, 'yan kallo sun riƙa ƙirga masa daƙiƙu da ƙarfi duk sanda ya tsaya jifan kyauta, domin sun san nan ne rauninsa. A wannan dare ya jefa 19, 17 suka shiga. Ya ci maki 50 cikin 105 na ƙungiyarsa, ya tare ƙwallo biyar a sama. Ana tashi ya nufi gefen fili ya zauna a kujera yana kuka, mu kuma ba mu jima da kashe wayar ba aka fara kiran assalatu. Bayan wasan ya ce da ya so da ya tafi ƙungiyar da ta tara taurari ya ɗauki kofi cikin sauƙi, amma ya zaɓi hanya mai wuya. Duk bashin da wani yake ganin Milwaukee tana bin sa, a wannan daren ya biya shi har da ɗoriya.

Akwai masu cewa matsin lambar tasa ce ta jefa ƙungiyar cikin cinikin gaggawa, har ta kai a 2025 ba ta da cikakken iko da gurbin zaɓenta na zagayen farko sai 2031. Wannan neman wanda za a shafa wa kashin kaji ne kawai. Giannis ya ce a gina ƙungiya mai cin kofi, bai zauna a ofis ya zaɓi wanda za a saya da wanda za a sayar ba. Wannan aikin Jon Horst ne, babban manajan da ya hau kujerar a 2017, tare da masu ƙungiyar. Su ne suka kori Mike Budenholzer a 2023, shekara biyu bayan ya ba su kofi. Su ne suka ɗauko Adrian Griffin, suka kore shi a Janairun 2024 yana da nasara 30 da rashin nasara 13, suka kawo Doc Rivers. Su ne suka saki Holiday ba tare da tunanin inda zai faɗa ba, ya faɗa Boston, babbar kishiyarsu, ya ɗauki kofi a can a kakar farko. Su ne kuma suka amince su riƙa biyan sama da dala miliyan 22 duk shekara har shekara biyar ga Lillard, ɗan wasan da ya koma wata ƙungiya, a zamanin da dokokin albashi na yarjejeniyar 2023 suke hukunta duk wanda ya yi almubazzaranci. An fitar da su a zagayen farko sau uku a jere, 2023 da 2024 da 2025, amma Horst ƙarin wa'adi ya samu. Shi ba a ce ya fito ya faɗi komai ba.

Ku koma ku kalli wasa na biyar da Indiana a ƙarshen Afrilun 2025. Saura daƙiƙa 40 a ƙarin lokaci, Bucks tana gaba da maki bakwai. Aka yi ta zubar da ƙwallo, ɗaya ma ta zame ta tsakanin ƙafafun ɗan wasa ta fita waje, har Tyrese Haliburton ya kutsa ya jefa ta ƙarshe, aka tashi 119 da 118. Giannis ya ci maki 30, ya cafke ƙwallo 20, ya bayar 13 aka ci. Kakar gaba ɗaya, in an yi matsakaicin lissafi, sama da maki 30 yake ci a kowane wasa, kuma cikin duk jifa goma shida suna shiga. Me kuma ake so ya yi? Mutum mai cika shekara 31 a Disamban 2025, salon wasansa na ƙarfin jiki ne da kutse, kuma ya san irin wannan ƙarfin ba ya daɗewa. Ya ce zai duba ya gani nan da wata bakwai, sai a ce ya yi rashin kunya.

Su kuma 'yan ɗaya ɓangaren, masu cewa ya tattara ya tafi New York don a can ne girma yake, ba su cancanci dogon martani ba: har zuwa 2025 Knicks rabonta da kofi tun 1973, wasan ƙarshe na 2025 kuwa tsakanin Oklahoma City da Indiana aka buga shi, kuma Kevin Durant ya je Phoenix aka tara taurari aka tashi a tutar babu.

Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne dukansu amsa suke so yau, domin amsar ce abincinsu. In ya ce zai tafi, an samu labarin wata uku. In ya ce zai zauna har abada, an samu faifan da za a ajiye a jira ranar da za a fito da shi a kira shi maƙaryaci. Mun ga yadda aka yi wa Kyrie Irving bayan ya gaya wa magoya bayan Boston a 2018 cewa yana da niyyar sabunta kwantiraginsa, sannan ya tafi Brooklyn. Giannis ya ƙi ba su ko ɗaya, shi ya sa suke huci.

Akwai kuma abin da nake ganin masu sharhin Amurka ba za su taɓa ji a jikinsu ba, amma mu nan mun san shi. Iyayen Giannis, Charles da Veronica, daga Legas suka tashi suka tafi Girka neman abin sawa a baka. A Athens aka haife shi a 1994, ya tashi a unguwar Sepolia yana tallar tabarau da agogo a titi tare da wansa Thanasis. Shekara 18 ya yi ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, ba ta Girka ba, ba ta Najeriya ba. Sai a watan Mayun 2013, makonni kafin Bucks ta zaɓe shi a matsayi na 15, aka ba shi fasfo, a nan ne ma Adetokunbo ya rikiɗe ya zama Antetokounmpo. Duk wanda yake da ɗan'uwa a ƙasar waje yana zaman ɓuya saboda rashin takarda ya san abin da wannan yake nufi. Wanda ya tashi a haka ya san bambancin abin da aka rubuta da abin da aka faɗa da baki. Ba zai yi wasa da sa hannunsa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya kyautar da shekara guda ta zaɓi da ya samu da guminsa don wani mai shirin talabijin ya samu abin faɗa ba.

A yadda lamarin yake a Oktoban 2025, abin da ya kamata a yi a bayyane yake. 'Yan jarida su juya makirufo wajen ofis, su tambayi Horst da masu ƙungiyar mene ne shirinsu, wa zai riƙe ƙwallo in an taru a kan Giannis, ina za a samo mataimaki na biyu da guntun abin da ya rage a rumbu. Magoya bayan Milwaukee kuma su daina roƙon rantsuwa, su matsa wa shugabanninsu. Suna da kaka guda cur su nuna masa abin da suka nuna masa a 2020. Idan Oktoban 2026 ya zo suka ajiye masa takardar miliyan 275, a ranar ce tambayar za ta halatta, kuma a ranar ce ya kamata ya amsa ta.