Ranar zaɓe da ranakun Idin Yahudawa: abin da Kanada ta gani yana zuwa amma ba ta kauce masa ba

A ranar Litinin, 21 ga Oktoba, 2019, aka gudanar da babban zaɓen Kanada, kuma wannan rana ita ce 22 ga watan Tishri na shekarar 5780 a kalandar Yahudawa, wato ranar Idin da suke kira Shemini Atzeret, wanda ke zuwa da zarar an kammala Idin Bukkoki. Bayahude mai riƙo da dokokin addininsa ba ya rubutu a irin wannan rana, ba ya hawa mota, ba ya kunna lantarki, ba ya ɗaga waya, ba ya taɓa kuɗi. Ke nan ba zai iya yi wa takardar ƙuri'a alama ba, ko da rumfar zaɓen a ƙofar gidansa take. An ƙiyasta cewa Yahudawa masu irin wannan riƙo a Kanada sun kai kimanin 75,000. Adadin bai taka kara ya karya ba a ƙasar da take da mutum miliyan 37 a lokacin, amma jama'ar tasu a tattare take a wasu unguwannin Toronto da Montreal, inda ƙuri'u kaɗan kan raba gardama.

Ra'ayina shi ne hukumar zaɓen Kanada ba ta yi kuskure ba da ta ƙi roƙon da aka yi mata na ɗage zaɓen a ƙurarren lokaci saboda wannan Idi, amma dokar da ta tsayar da ranar tun farko tana da babban giɓi, domin wannan karo abu ne da kowa zai iya hangowa shekaru da dama kafin ya auku. Hujjata tana cikin yadda kalandar kanta take aiki.

Watannin Yahudawa na wata ne, kwana 29 ko 30, kuma rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya saba da lissafin Hijira. Inda suka rabu da lissafin Musulunci shi ne batun damina da rani. Shekarar Hijira tana gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumin Ramadan yake zagaya dukkan yanayin shekara. Yahudawa kuwa suna son Idin Ƙetarewa, wanda ke farawa 15 ga watan Nisan, ya riƙa faɗowa a lokacin bazarar ƙasarsu, don haka a cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata na 13 sau bakwai, ta hanyar maimaita watan Adar. Sakamakon haka shekararsu ba ta gaza kwana 353 ba ta kuma wuce 385, amma bukukuwan ba sa yin nisa daga mazauninsu. Sabuwar shekara, Rosh Hashana, da Ranar Kafara, wato Yom Kippur, da Idin Bukkoki da Shemini Atzeret duk a watan Tishri suke, kuma waɗannan bukukuwa ba sa fita daga tsakanin Satumba da Oktoba. A zamanin da, shaidu ne ke zuwa gaban majalisar malamai su ce sun ga jinjirin wata, sannan a tura manzanni su sanar, wanda shi ne asalin ƙarin ranar Idi ta biyu da Yahudawan da ke wajen ƙasar Isra'ila suke yi har yau. Amma tun ƙarnuka masu yawa da suka wuce aka koma ga lissafi zalla, wanda al'ada ta jingina wa wani shugaban malamansu, Hillel na Biyu, a ƙarni na huɗu. Yau ana iya faɗin ranar da Yom Kippur zai faɗo nan da shekara ɗari ba tare da jiran sanarwar kowa ba.

Da majalisar dokokin Kanada ta yi doka a 2007 cewa za a riƙa yin zaɓe a ranar Litinin ta uku ta watan Oktoba, ta kafa ranar ne a tsakiyar lokacin da bukukuwan Yahudawa suka fi cunkoso, kuma ba a rasa gargaɗi ba. A wannan shekarar ce lardin Ontariyo ya matsar da zaɓensa daga 4 zuwa 10 ga Oktoba saboda Shemini Atzeret. Zaɓen tarayya na 14 ga Oktoba, 2008, ya faɗo a ranar farko ta Idin Bukkoki. Zaɓen lardin Kebek na 1 ga Oktoba, 2018, shi ma ya ci karo da Shemini Atzeret. Dokar zaɓe ta ba shugaban hukumar ikon ba da shawarar sauya rana idan ta yi karo da wata rana mai muhimmanci ta addini ko al'ada, amma ta ba shi wa'adi har zuwa farkon watan Agusta na shekarar zaɓen, wato lokacin da an riga an kama makarantu da zaurukan da za a yi zaɓe a cikinsu, an kuma tsara aikin dubban ma'aikata.

Wadda ta kai maganar kotu ita ce Chani Aryeh-Bain, 'yar takarar jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya a mazaɓar Eglinton-Lawrence da ke Toronto. A watan Yuli na 2019 kotun tarayya ta umarci shugaban hukumar zaɓe, Stéphane Perrault, da ya sake nazarin matsayinsa na ƙin ba da shawarar sauya ranar, yana mai la'akari da 'yancin addini da 'yancin zaɓe da tsarin mulki ya tanada. Ya sake dubawa, ya kuma tsaya a kan bakansa, yana mai cewa matsar da zaɓen da mako guda zai dagula rumfunan da aka tanada, zai kuma ci karo da zaɓen ƙananan hukumomi a yankin Nunavut. A maimakon haka hukumar ta faɗaɗa hanyoyin kaɗa ƙuri'a kafin ranar.

Masu ganin an yi adalci suna cewa ai babu wanda aka hana zaɓe, tunda akwai ranakun zaɓen share fage da ƙuri'a ta gidan waya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba. Ranakun share fagen huɗu ne, daga 11 zuwa 14 ga Oktoba, kuma ɗaya daga cikinsu Asabar ce, wato ranar hutun Yahudawa da irin waɗancan hane-hane ke aiki a cikinta, ɗaya kuma ranar farko ta Idin Bukkoki, sauran biyun kuwa jajibiri ne da dole mutum ya koma gida kafin faɗuwar rana. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne halin ɗan takara. Mai zaɓe yana iya gaggauta ƙuri'arsa, amma ɗan takara ba zai iya gaggauta ranar zaɓe ba, ranar da ake bugun waya, ake ƙwanƙwasa ƙofofi, ake ɗauko tsofaffi a mota, ake tsayar da wakilai a rumfuna. Aryeh-Bain da magoya bayanta masu riƙon addini sun wuni hannu naɗe yayin da abokan hamayya ke aiki. Ta sha kaye a hannun Marco Mendicino, kuma ba na cewa Idin ne ya kayar da ita, amma ba daga layi ɗaya aka tashi tseren ba.

Akwai wata suka da ta fi ƙarfi, wadda bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ƙasa mai addinai barkatai ba za ta iya kauce wa ranar kowa ba, kuma da zarar an buɗe ƙofar, 'yan siyasa za su iya fakewa da addini su cim ma wata manufa. Kanada ta ɗanɗana hakan a 2024, lokacin da gwamnati ta gabatar da ƙudurin matsar da zaɓen 2025 daga 20 zuwa 27 ga Oktoba, tana kafa hujja da bikin Diwali na mabiya addinin Hindu, sai 'yan adawa suka lura cewa wannan mako guda shi ne zai cika wa 'yan majalisar da aka zaɓa a 2019 shekara shida da ake buƙata kafin samun fansho. A ƙarshe zaɓen ma an yi shi ne a 28 ga Afrilu, 2025. A ganina maganin wannan shi ne a tsayar da ma'auni tun kafin a san wanda zai ci riba. Akwai bambanci tsakanin ranar murna, wadda mutum zai iya fita ya yi zaɓe ya dawo, da ranar da addini ya haramta ainihin aikin da zaɓe ya ƙunsa, wato rubutu da tafiya a abin hawa. Ranakun kashi na biyu ba su da yawa, kuma an san su.

Isra'ila ta warware nata ta hanyar da ta fi sauƙi gare ta, domin dokarta ta tsayar da zaɓen majalisar Knesset a ranar Talata cikin watan Heshwan, watan da ke bin Tishri wanda babu Idi ko ɗaya a cikinsa. Ba kowace ƙasa ce za ta iya kwaikwayon haka ba, kuma Nijeriya, da take yin zaɓukanta ranar Asabar duk da koken da mabiya cocin Adventist, waɗanda Asabar ce ranar ibadarsu, suka sha yi, shaida ce cewa tsiraru ba kasafai ake tunawa da su ba wajen tsara jadawali. Abin da Kanada za ta iya yi bai kai na Isra'ila girma ba. Ana iya wajabta wa hukumar zaɓe ta duba kalandar addinai a cikin watannin farko bayan kowane zaɓe, ta bayyana ranar zaɓe na gaba shekara uku kafin lokaci, ta yadda idan sauyi ya zama dole za a yi shi tun makarantu ba su fitar da jadawalinsu ba, tun kuma jam'iyyu ba su tsayar da 'yan takara ba.