Ƙwallon kwando a Amurka: Ƙofa ɗaya ba ta isar ƙananan jami'o'i

Daren Lahadi 17 ga Maris 2024, a makon farko na azumi, na dawo daga tarawi na zauna da waya a hannu ina jiran ƙarfe sha ɗaya, lokacin da ake karanta sunayen jami'o'i 68 da za su buga gasar ƙwallon kwando ta ƙasa a Amurka, wadda suke kira March Madness, wato haukan watan Maris. Suna ɗaya nake jira: Indiana State, jami'ar garin Terre Haute da shahararren ɗan wasa Larry Bird ya kai wasan ƙarshe a 1979. A waccan kakar ta ci wasa 28, an doke ta sau 6 kacal, ita ce zakarar rukuninta na Missouri Valley, kuma tana cikin talatin na farko a ma'aunin ƙarfin ƙungiyoyi da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, da kanta ta ƙirƙiro. Yaronsu Robbie Avila, mai buga wasa da tabarau a fuska, ya zama abin kallo a faɗin ƙasar. Aka karanta sunaye har ƙarshe, babu su. Laifinsu shi ne mako guda kafin nan Drake ta doke su da ci 84 da 80 a wasan ƙarshe na gasar rukuninsu a St. Louis. Maki huɗu suka share aikin wata huɗu.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, abin yana tafiya ne kamar haka. Jami'o'i sama da 360 ke buga aji na ɗaya, an raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da nasa lig ɗin daga hunturu zuwa farkon Maris. Da an gama lig sai kowane rukuni ya shirya gajeriyar gasar sili-ɗaya-ƙwale ta 'yan kwanaki, wanda ya ɗauki wannan kofin shi ke samun tikitin gasar ƙasa kai tsaye. A 2025 irin waɗannan tikiti 31 ne. Sauran gurabe 37 kwamiti mai mutum 12 ne ke raba su ga waɗanda ya ga sun cancanta. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya kwatanta da a ce ƙungiya ta lashe lig da tazara mai yawa, amma a ce gurbin gasar zakarun nahiya na wanda ya ci kofin ƙalubale ne, ita kuma ta je ta roƙi wani kwamiti.

Manyan rukunai ba su da damuwa da wannan. A 2025 rukunin SEC mai jami'a 16 ya shigar da 14, abin da ba a taɓa yi ba, ya wuce 11 ɗin da Big East ta samu a 2011. Ƙungiyar da ta ƙare ta goma ko ta sha biyu a can tana iya faɗuwa a wasanta na farko a gasar rukuni, ta koma gida ta yi barci, ranar Lahadi ta ji sunanta. Amma a rukunai kusan ashirin, gurbi ɗaya ne tak kowace shekara. Ka ci lig, ka ci kowa gida da waje, idan ƙafar gwaninka ta gurɗe ranar Asabar ko ƙwallo ta zagaya bakin kwando ta fito, shi ke nan.

Murray State ta ɗanɗana wannan a 2015. Wasa 16 ta buga a rukunin Ohio Valley ta cinye duka, sai Belmont ta doke ta da maki ɗaya, 88 da 87, a wasan ƙarshe. Ba a gayyace ta ba. Shekara ta zagayo abin ya faɗa kan Monmouth, kuma nata ya fi ciwo, domin ta yi duk abin da ake cewa ƙaramar jami'a ta yi: ta fita daga gida ta doke UCLA, ta doke Notre Dame da USC da Georgetown, ta tara nasara 27. Iona ta doke ta 79 da 76 a wasan ƙarshe na rukuninsu, kwamiti ya juya mata baya, yana kafa hujja da wasu 'yan wasanni da ta sha kashi a hannun raunanan ƙungiyoyi.

Mutane da yawa suna ɗora laifin duka a kan gasar rukuni, suna cewa a soke ta a ba zakaran lig tikitinsa, kamar yadda rukunin Ivy League ya yi shekara da shekaru kafin ya bi sahu a 2017. Na daɗe a kan wannan ra'ayi, amma na sauka daga kansa, kuma abin da ya sauke ni UMBC ce. A 2018 Vermont ce ta mamaye rukunin America East, sau ɗaya aka doke ta a wasa 16. Wasan ƙarshe ma a ɗakin wasanta aka buga, gaban mutanenta. Ana saura ƙiftawar ido a tashi Jairus Lyles na UMBC ya jefa ƙwallon maki uku daga nesa, aka tashi 65 da 62. Kwana shida bayan haka UMBC ta lallasa Virginia 74 da 54 a gasar ƙasa, karo na farko a tarihin gasar maza da ƙungiyar da ke lamba 16, wato ta ƙarshe a jerin ƙarfi na ɓangarenta, ta fitar da mai lamba 1. Da an ba zakaran lig tikiti, da wannan daren bai faru ba. Haka Saint Peter's a 2022: ta biyu ta zo a lig bayan Iona ta koci Rick Pitino, ta ci gasar rukuni, sannan ta fitar da Kentucky da Murray State da Purdue ta kai zagayen 'yan takwas, da tagwaye 'yan Mali, Fousseyni da Hassan Drame, a cikin 'yan wasanta. Gasar rukuni ita ce ke hana yaron da ƙungiyarsa take ta shida a watan Fabrairu yanke ƙauna, ita ce kuma mako ɗaya tilo a shekara da manyan gidajen talabijin ke haska waɗannan makarantu. Ba zan so a ƙwace musu ita ba.

Inda cutar take shi ne ƙofa ta biyu, ta kwamiti, wadda a takarda a buɗe take ga kowa amma a aikace an sa mata sakata. Tun kakar 2018 zuwa 2019 NCAA ke amfani da ma'aunin NET wajen jera ƙungiyoyi bisa ƙarfinsu, kuma ana kasa wasanni gida huɗu gwargwadon ƙarfin abokin karawa. Wasan kaso na ɗaya, wanda kwamiti ya fi dubawa, shi ne ka kara da ɗaya daga cikin 30 na farko a gidanka, ko 50 na farko a filin da ba na kowa ba, ko 75 na farko a gidansu. Ƙungiyar babban rukuni tana samun irin wannan wasa goma sha wani abu a kaka ba tare da ta nema ba, jadawalin lig ne ke kawo mata su har gida. Ƙaramar jami'a kuwa idan ta samu huɗu ko biyar ta yi sa'a, kuma kusan duka a gidan wasu za ta buga su. Manya ba sa zuwa Terre Haute ko Murray, domin idan sun ci ba wanda zai yaba, idan an ci su abin magana ya samu. Sun gwammace su biya ƙaramar makaranta kuɗi ta zo gidansu ta sha duka ta koma. Indiana State ta je har Alabama da Michigan State a waccan kakar, ta sha kashi a duka biyun, babu ɗayansu da ya rama mata ziyara a kakar. Sannan a watan Maris a tambaye ta ina manyan nasarorinta. An doke ka, an hana ka kuka.

Akwai makarantun da da wannan kuɗin zuwa shan duka suke riƙe sashen wasanninsu gaba ɗaya. Texas Southern, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙaƙen fata, ta fara kakar 2017 zuwa 2018 da wasa 13 a jere duk a gidan wasu, ta faɗi duka 13. Wannan ƙungiyar ce daga baya ta ci gasar rukuninta na SWAC, ta je Dayton, garin da ake buga wasannin share fage na gasar, ta samu nasararta ta farko a tarihin gasar ƙasa. Duk wanda ya kalli waɗannan wasanni 13 ya ce ya auna ƙarfinta, tafiyar mota da jirgi da gajiya ya auna.

Dubi kuma abin da ake yafe wa manya. A 2025 North Carolina ta buga wasan kaso na ɗaya 13, ɗaya ta ci, aka ba ta gurbi na ƙarshe. Shugaban kwamitin a shekarar, Bubba Cunningham, shi ne daraktan wasanni na jami'ar a lokacin. Ƙa'ida ta ce ya fita daga ɗaki idan ana maganar makarantarsa, kuma an ce ya fita, ni ma ban zarge shi da komai ba. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin: dama 13 nasara ɗaya ta wadatar, amma UC Irvine mai nasara 28, wadda ta faɗi a wasan ƙarshe na rukunin Big West a hannun UC San Diego, ko kusa ba ta zo ba. A shekarar da aka bar Indiana State a gida ma, Virginia da aka ɗauka maki 42 kawai ta iya ci a Dayton, Colorado State ta yi waje da ita.

Kuma ba a rasa shaidar abin da ke faruwa idan an buɗe wa ƙanana wannan ƙofa ba. George Mason ta faɗi a gasar rukuninta a 2006, kwamiti ya ɗauke ta duk da surutun masu sharhi, ta kai zagayen 'yan huɗu. VCU ta faɗi a wasan ƙarshe na wannan rukunin dai a 2011, aka ɗauke ta da ƙyar, ta taso daga wasan share fage na Dayton har zagayen 'yan huɗu ita ma.

Ruwa ba ya tsami banza. Kwangilar talabijin ta gasar da aka sabunta a 2016 dala biliyan 8.8 ce ta shekara takwas, har zuwa 2032. Duk wasan da ƙungiya ta buga a gasar yana jawo wa rukuninta kaso da ya kai kimanin dala miliyan 2, ana biya a tsawon shekara shida. Rukunin da ya shigar da 14 ya kama kusan miliyan 28 tun ba a jefa ƙwallo ba. Mai gurbi ɗaya yana da miliyan 2 da makarantu goma ko fiye za su raba. Gurbi na biyu ga rukuni kamar Missouri Valley kuɗin gyaran ɗakin wasa ne da albashin da zai riƙe koci. Indiana State ta wuce gasar NIT, wadda ake shirya wa waɗanda ba su samu shiga gasar ƙasa ba, ta kai wasan ƙarshe, Seton Hall ta doke ta 79 da 77. Kwanaki kaɗan bayan haka kocinta Josh Schertz ya koma Saint Louis, Avila ya bi shi, sauran manyan 'yan wasan suka watse. A wannan zamani da ɗan wasa ke iya sauya makaranta duk shekara, ƙaramar jami'a ba ta da "sai baɗi". Ƙungiya irin wannan sau ɗaya take haɗuwa, wani lokaci a shekara ashirin.

Ita kanta NIT ɗin, tun 2006 akwai alkawarin cewa duk zakaran lig da ya faɗi a gasar rukuninsa yana da gurbi a cikinta. A ƙarshen 2023 aka janye alkawarin don a faranta wa manyan rukunai, daga baya aka dawo da wani ɓangarensa bisa sharaɗi. Chattanooga, zakarar lig ɗin Southern da ta faɗi a gasar rukuninta, ita ta ɗauki kofin NIT a 2025, bayan ta doke UC Irvine a wasan ƙarshe.

Ƙananan rukunai ma suna da nasu alhakin, ba zan wanke su ba. Wasu har yanzu suna kwasar kowa da kowa zuwa wani gari da ba na kowa ba, su sa zakaran lig ya buga wasa uku a kwana uku daidai da wanda ya zo na takwas. Wannan jefa dukiyarka ce a rijiya da hannunka. Rukunin West Coast yana ajiye manyan ƙungiyoyinsa biyu sai wasan kusa da na ƙarshe, America East da Patriot suna ba wanda ya fi matsayi damar karɓar baƙi a gidansa. Hakan bai hana abin mamaki ba, Vermont shaida ce, kuma Holy Cross ta ci wasa huɗu a gidan wasu a 2016 ta shiga gasar ƙasa da nasara 14 da faɗuwa 19. Amma aƙalla wanda ya sha wahalar hunturu ya ga ladan wahalarsa.

Gyaran da ya fi muhimmanci yana hannun NCAA. Tun kakar 2024 zuwa 2025 an sa wa kwamiti wani sabon ma'auni a takardunsa, wanda ke tambayar nasara nawa matsakaiciyar ƙungiya mai neman gurbi za ta samu da a ce ita ta buga jadawalinka. Wannan tambaya ta fi adalci nesa ba kusa ba, domin tana ba da lada ga wanda ya ci wasa 28 a ƙananan ɗakuna masu hayaniya, inda manya ke gudun zuwa. Ya kamata ta zama ita ce kan gaba, a daina ƙirga damar da wasu suka gada. A aji na uku na NCAA, inda ba a ba da tallafin karatu don wasa, tun waccan kakar ta 2024 zuwa 2025 lissafi ne a fili yake raba sauran gurabe, kowane koci yana iya duba matsayinsa tun Janairu. Sannan maganar ƙara gurabe a gasar ƙasa: duk gurbin da aka ƙara, a fara ba zakarun lig na ƙananan rukunai da suka faɗi a gasar rukuninsu, muddin suna cikin hamsin ko sittin na farko a ma'auni. Idan aka bar rabon yadda yake, ƙarin zai tafi ne ga ta sha biyar a SEC da ta sha uku a Big Ten, kuma wata Indiana State za ta sake zama gaban talabijin ranar Lahadi da nasara 28 a hannu tana jiran sunan da ba za a kira ba.