Zaren da aka shafa wa gilashi ba abin wasan yara ba ne

Duk wanda ya zauna a Ahmedabad ya san ranar 14 ga Janairu. Uttarayan ake ce mata a jihar Gujarat, wasu sassan Indiya kuma Makar Sankranti. Tun sassafe gari ke komawa saman benaye, yara da tsofaffi, kowa da jirginsa na takarda da suke kira patang, har sai ka rasa inda za ka ga shuɗin sama. Da wani ya tsinke wa wani zare sai ka ji ihun "kai po che", wato "na yanke", daga bene zuwa bene. Tun 1989 ake gayyato mutane daga ƙasashen duniya zuwa bikin. Ina son bikin nan ƙwarai, shi ya sa abin da yake yi wa idanun mutane yake ci mini rai.

Jirgin ledar da muka sani muna yara, leda ce da tsinken tsintsiya da zaren ɗinki. Burin yaro bai wuce nasa ya fi na kowa nisa ba, in zare ya harɗe kuwa da hannu ake tsinke shi. A Gujarat kuwa faɗa ake yi a sama, gwani shi ne wanda zarensa ya yanke na maƙwabcinsa. Don haka ake daka gilashi ya zama gari, a kwaɓa shi da dafaffiyar shinkafa ko gam, a shafe zaren auduga da shi, shi ne manja. Makonni kafin biki za ka ga masu wannan sana'a a bakin titi sun ja zare tsakanin sanduna, yatsunsu a naɗe da tsumma saboda yanka. Daga baya aka shigo da zaren roba wanda suke kira manjar China, ko da yake yawancinsa a cikin Indiya ake yi. Shi wannan ba ya tsinkewa da sauƙi, ba ya ruɓewa, sai ya yi watanni yana lilo a bishiya ko wayar lantarki.

Jaridu sun fi ɗaukar labarin wanda zare ya yanka a wuya. A ranar 15 ga Agusta 2016, ranar bikin 'yancin kan Indiya, mutum uku suka mutu haka a Delhi, biyu daga cikinsu ƙananan yara ne da suka leƙo ta tagar rufin mota. Wanda ya rasa ido kuwa da wuya ka ji labarinsa, alhali shi zai ƙare rayuwarsa da abin.

Mai babur yana tafe da gudu, zaren da ba ya gani ya gitta masa a fuska, ya zame daga karan hanci zuwa ido. Fatar ido ce ke fara tsagewa. In yankan ya bi ta lungun da ke kusa da hanci, sai ya datse 'yar siririyar hanyar da hawaye ke bi ya sauka cikin hanci, kuma muddin ba a ɗinke ta da wuri ba, idon zai yi ta zubar hawaye. In ya kai ga garai-garan fatar da ke gaban baƙin ido, ko an ɗinke tabo yakan rage, tabon da ke tsakiya kuwa yana tare gani. Ga yaro ƙarami abin ya fi muni, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta gama koyon gani ba. Idon da ya daina kawo hoto mai kyau sai ta yi watsi da shi, ko daga baya an gyara ba lallai ganin ya dawo ba. Ga kuma tsinken jirgin da ke cake ido idan ya sulmiyo ƙasa, da yaran da ke bin wanda aka tsinke a guje, ido na sama, har su faɗo daga bene, da waɗanda ke yini suna ƙura wa wajen rana ido.

Mutanen Lahore a Pakistan sun ɗauki hanya mai tsauri. Kotun ƙolin ƙasar ta hana wasan a 2005, bikin tashin jirgin takarda na Basant da birnin ke tinƙaho da shi ya tsaya shekaru masu yawa. A Brazil, inda ake kiran irin wannan zare cerol, masu babur eriya suke kafawa a gaba don ta tare shi, kamar yadda na Gujarat ke lanƙwasa waya a kan abin tuƙi su naɗe wuya da mayafi. Hanyoyin biyu ba su kwanta mini ba. Ta farko ta raba jama'a da bikinsu, ta biyu kuma ta ɗora wa mai wucewa nauyin kare kansa daga wasan da ba ya ciki. Abin da gwamnatin Delhi ta yi a 2017 ya fi kusa da daidai: ta ce zaren auduga zalla kawai aka yarda da shi, ba gilashi, ba ƙarfe. A shekarar ce kuma kotun muhalli ta ƙasa ta haramta zaren roba a duk Indiya. Sai dai har gobe ana sayar da shi a ɓoye, 'yan sanda na kamawa duk shekara, domin mai son ya yi nasara a saman bene ba ya tuna wanda ke ƙasa.

Wuri ɗaya da muka yi kama da su, mu da su, shi ne abin da ake yi bayan ido ya ji ciwo. Nan da nan wani zai ce a hura, wani a murza, wata ta kawo ragowar maganin ɗigawa ko abin gargajiya. Don Allah a daina. Idon da ya yanke, matsa shi kaɗan na iya fitar da abin da ke cikinsa. Kada a murza, kada a zare abin da ya cake, kada a ɗiga komai. A yanko gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a manne da filasta, a nufi wajen likitan ido a ranar, ko da yaron ya ce ya daina jin zafi.